Yadda Na Baro Tukunyata a Gidan Hayar Suleja

Tun da na dawo Maraɗi bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da hanya, kafin ta gama zama sai ta jefo tambaya: ya Suleja, ina Hadiza da jinjirin da kika ce da su za ki dawo, kuma ina Giwa? Na ba wannan guntu, na ba waccan guntu, har labarin ya fara zagayowa yana iske ni da ƙarin gishiri. Jiya wata ta zo yi mini jaje, wai ta ji an sace tukunyar a Kaduna. To ga shi daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa 'yar'uwarta, ni kuma in samu in sha ruwa.

Giwa dai tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku, ta kakarmu. Duk macen da ta haihu a danginmu, a cikinta aka dafa ruwan wankan jegonta, kuma a hannuna take, don ni ke yin wankan. Hadiza ɗiyar ƙanena ce, ni na goye ta tun da uwarta ta rasu. Aka ba Sani ita, wani yaron danginmu na Katsina, direba a ɗaya daga cikin ma'aikatun da aka kwaso daga Legas aka kai Abuja. Kowa ya san haihuwar fari a gida ake yi. Amma a lokacin ana wahalar mai a Najeriya, Sani ya yi ta cewa sai wata mai kamawa, har naƙuda ta riga shi. Wani mai saro doya ne ya kawo saƙo, wai ta sauka lafiya, an samu namiji. A gaban mata na faɗa, kuma da yawanku kuna wurin: ko dai yarinyar nan ta yi wanka yadda uwarta ta yi, ko in ɗauko ta in kawo ta gida.

Tun daga tasha rigima ta fara. Direban fijo ya kalli Giwa ya ce wannan ai fasinja ce, ba kaya ba. Da ƙyar aka cicciɓa ta aka ɗaure a bisa mota, cikinta cike da kanwa da daddawa da yajin jego da busasshen ganyen runhu da na sabara. Muka wuce Ɗan Isa lafiya. A kan iyaka, kafin Jibiya, wani mai kaki ya ce a sauke ta. Ya ƙwanƙwasa ta, ya buɗe murfi, ya zaro ƙullin ganye yana kallona kamar ya kama babbar ɓarauniya.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ganyen wanka ne, ɗan nan."

Bai yarda ba. Ya kwance ƙullin yaji ya kai hanci ya shaƙa da ƙarfinsa. Atishawar da ya yi ta jerawa har hularsa ta faɗi, abokan aikinsa suna riƙe da ciki. Da ya dawo hayyacinsa yana share hawaye sai ya rage murya, ya ce shi ma matarsa ta kusa, kuma ba su da tsohuwa a kusa. Na ƙulla masa yaji a leda, na gaya masa yadda ake yi da ganyen. Shi da kansa ya kama aka mayar da Giwa bisa mota.

Daga Katsina zuwa Kaduna ba abin da na gani sai layin motoci a gidajen mai, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a gindin motocinsu har da tulun shayi, kamar can suka tare. Muka isa Kaduna rana ta faɗi. Wata mai abinci a tasha ta ji tausayina ta bar ni na kwana a rumfarta, ta ba ni tuwon shinkafa da wata miya da manja ya yi iyo a kanta. Na tambayi fura, aka kawo mini wani abu mai ruwa-ruwa wanda a nan ko akuya aka ba sai ta yi ƙorafi. Na sha dai, baƙo ba ya zaɓe.

Da safe motocin Suleja duk suna layin mai. Aka ce in shiga ta Minna, direba zai sauke ni a mararrabar Dikko in samu wata. Ni ban san Dikko ba, shi na dogara da shi. Mutumin nan ya manta da ni, ni da tukunyar da ta danne masa mota har tana goga ƙasa. Sai da muka isa wani gari wai shi Lambata ya waiwayo ya dafe kai ya ce, "Kai, Hajiya, mun wuce!" Ya sauke mu a bakin titi ya ƙara gaba, ko haƙuri mai kyau bai ba ni ba.

Lambata ban yi nadamarta ba. Doya ce jibge har ta fi tsayin mutum, na ci soyayya da yaji mai zafi har na ƙoshi. Motar komawa kuwa a ɗaya gefen titi take, ga Giwa zaune. A Kaduna ƙarti biyu ne suka ɗaga ta suna nishi. A nan wata mata Bagwariya ta sauke kayanta, ta durƙusa, ta sa aka ɗora mata tukunyar a kafaɗa, don su a kafaɗa suke ɗaukar kaya ba a kai ba, ta tsallaka da ita tana hira da 'yar'uwarta. Ban san yarenta ba, ita ma Hausarta ta gaisuwa ce. Na yi mata addu'a, ta ce amin, wannan kam mun fahimci juna.

A bayan akori-kura mai doya na ƙarasa. Daga wani ƙauye wai shi Maje na fara ganin abin da zan ba ku labari. Ga gonar dawa kore shar, damina ta kankama, sai ka ga wani dogon gini na bulo ya tsiro a tsakiyarta, ba shafe, ba katanga, da rufin kwano da ƙofa ɗaya a goshi. Na ɗauka makaranta ce. Gaba kaɗan ga wani irinsa. Na ce to ko asibiti. Kafin mu shiga Suleja sun zama ɗaruruwa, a jere, gaba da baya, kamar kwalayen ashana a kan tiren mai talla, tsakanin wannan da wancan ratar da akuya kaɗai za ta bi. Na tambayi direba me ake ajiyewa a ciki. Ya ce mutane.

Kwatancen da aka ba ni shi ne gida mai shuɗiyar ƙofa bayan injin niƙa. Jama'a, duk ƙofofin unguwar shuɗaye ne, kamar mutum ɗaya ya sayi fenti ya raba sadaka. Na yi ta bi ina sallama, ba mai amsawa, gida bayan gida wayam, wai duk sun tafi aiki Abuja tun asuba. Daga ƙarshe wata mai ƙosai ta ce, "Wace Hadiza? Ko amarya mai tarar ruwa, wadda ta haihu?" Ta nuna mini gidan. Na ji sunan nan ya soke ni. Yarinyar da na goya, ita ce aka mayar mai tarar ruwa? Na haɗiye dai na ce bari in gani da idona.

Na iske Hadiza kwance da jinjirinta a wani ɗaki da bai kai rumbunmu na gero ba. Ta rungume ni tana kuka tana dariya, "Gwaggo, ke ce?" Na taɓa jikinta na ji sanyi ƙalau. Tun da ta haihu, da ruwan buta ɗaya ake gasa ta, a kan risho. Raina ya ɓaci har na kasa kallon yaron da kyau.

Bari in gaya muku yadda gidan yake, kuma in kun ji na wannan kun ji na duk Suleja sabuwa. Kana shiga daga titi sai lungu, dogo, mai duhu, faɗinsa na mutum ɗaya da rabi. Ɗakuna a dama, ɗakuna a hagu, kowace ƙofa tana kallon 'yar'uwarta ido cikin ido. Kowane ɗaki iyali guda. A bakin kowace ƙofa risho da buta da takalma. A sama waya ce aka ja daga farko har ƙarshe ana shanya. Ƙarshen lungun wata ƙofa ce da ke fita wani ɗan fili a baya, inda famfo yake da banɗaki ɗaya da masai ɗaya na duk gidan. Babu zaure, babu tsakar gida, babu turaka, babu ko bishiyar da kaza za ta fake. Abin da ya fi ba ni takaici, babu silin, kuma bangon da ya raba ɗaki da ɗaki bai kai rufi ba. In maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu daga kan gadonka.

Mai kula da gidan wani Malam Audu ne, ƙanen mai gidan, su suna ce masa kiyateka. Ɗan asalin garin ne, dattijo da furfurarsa, amma ya zo yana yi mini alfahari da wannan abu. Ya ce sunan irin ginin fes-mi-ai-fes-yu, wato ka kalle ni in kalle ka. Ya ce yayansa yana da irinsa da yawa, magini ɗaya ne ya yi su da igiyar awo ɗaya, ko makaho ya shiga ɗaya ya san sauran.

Na ce, "To Malam, ina zaure? Baƙo namiji a ina zai tsaya?"

Ya yi dariya. "Hajiya, zaure ai ɗaki biyu ne da ba a raba ba. Namu na gado ma a unguwar Wambai mun raba shi, wani malamin asibiti ne a ciki yanzu. Mutanen Abuja ba zama suke yi ba, kwana kawai suke nema."

Na ce masa a garinmu ko turken jakai ana bar masa wurin birgima.

Giwa ta ƙi shiga ta ƙofar gaba. Aka karkata ta, aka juya ta, ƙafafunta suka tokare. Sai da maza suka dawo da yamma aka zagaya ta wata hanyar baya aka tsallako da ita ta kan ɗan guntun bangon filin, aka ajiye ta dab da ƙofar baya. Sani kuwa, bawan Allah, ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin wani gwauro ya bar mana nasu. Amma a gidan nan ba a iya kunyar suruki. Duk inda na juya sai mu yi kiciɓis a lungu, shi kuma sai ya zube ya gaishe ni, ya tare hanya, mutane su taru a bayansa da bokitai suna jira mu gama "ina gajiya, ina wahalar hanya".

Kashegari na sayo itace. Kafin kiran sallar asuba na tashi na cika Giwa, na haɗa mata wuta yadda na saba tun ina budurwa. Itacen jiƙaƙƙe ne, damina ce. A gidan mutane hayaƙi sama yake yi ya tafi abinsa. A wannan gidan, da wani ya buɗe ƙofar gaba zai tafi masallaci, sai lungun ya ja hayaƙin nan gaba ɗaya kamar mai zuƙar lofe, ya bi ta saman bangaye ya sauka a kowane ɗaki. Sai tari, sai kukan yara, sai ƙofofi suna buɗewa. Wani ya fito da ɗaurin ƙirji na zanen matarsa yana ihun gobara. Fararen rigunan aikin da aka goge aka rataye a wayar lungu kuwa, duk sun koma kalar bayan tukunya.

Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce mai ƙofar da ke kallon tamu, Maman Bulus, wata malamar makaranta Kirista daga wajen Jos, doguwa, da cikinta da ya fara fitowa. Ta ɗago farar rigarta ta kawo mini har hanci.

"Mama, abeg, dubi! Da wannan zan shiga aji? Nan ba ƙauye ba ne!"

Na ce, "Ƙauye ya fi nan, 'yar nan. A ƙauye gida ake ginawa, ba akurki ba."

Ta wanke ni tas, rabi da Hausa rabi da Turancinsu na kasuwa, ni ma ban bar mata ba. Sai da wani ya ce motar ma'aikata za ta tashi sannan suka watse a guje, kowa yana warin ƙauri. Da hantsi Malam Audu ya zo, yau babu dariya. Ya ce mutane sun kai ƙara, daga yau ba a ƙara hura itace a gidan, in an ƙara Sani ya nemi wani ɗaki, kuma a Suleja ɗaki ya fi matar aure wuyar samu. Na ce a waje fa? Ya nuna mini: gaba kwata ce da titi, gefe bangon wani gidan, ga tukunya ba ta fita ta ƙofa. Na gwada risho. Kafin buta ta biyu ta tafasa ta farko ta huce, ga kananzir sai an yi layi.

Da yamma na zaunar da Sani daga bakin ƙofa, Hadiza na ciki, na yanke magana. Na ce ana gama suna zan tafi da ita da yaron, ta ƙarasa arba'in a Maraɗi. Sani ya sunkuyar da kai ya ce yadda na ce haka za a yi. Hadiza ce ta fashe da kuka.

"Gwaggo, don Allah ki bar ni. Hanyar nan da ke kanki kika sha wuya, da ɗanyen jiki da jinjiri zan bi ta? Ni lafiyata ƙalau a nan."

Na ce, "Lafiya? Sanyi ya shige ki ki kumbura, wa za a zaga in ba ni ba? A gaban idona uwarki ta bar mini ke. Ba zan bar ki a wannan kwalin ba, cikin mutanen da rigarsu ta fi musu mai jego."

Na faɗa da ƙarfi, kuma na manta cewa a gidan nan ko a hankali na faɗa ɗaya ne. Gidan ya yi tsit, har cokulan da ke ƙara a kwanoni suka tsaya. Ni ko a jikina. Na ce gara su ji.

Gari bai gama wayewa ba na ji ƙarar murfin Giwa. Na fito a fusace, a zatona wani ne zai wanke mini ƙafa a ciki. Sai na ga Maman Bulus tana juye tafasasshen ruwa daga butarta, fuskar nan a ɗaure. Ko gaishe ni ba ta yi ba. Ta mayar da murfi ta ɗauki bokitinta ta shiga wanka. Kafin in buɗe baki ga gwauron da Sani ke kwana ɗakinsa, da tasa butar. Bayansa matar wani masinja, bayanta wani Bayarabe mai gyaran rediyo, bayansa wata 'yar Binuwai mai aikin buga takardu. Na leƙa lungu na ga kowane risho a bakin kowace ƙofa yana ci da shuɗiyar wuta. Duk mai zuwa wanka dole ta gaban Giwa zai wuce, don hanya ɗaya ce, sai ya juye butarsa ya wuce abinsa, kamar masu zuba gero a ma'auni. Kafin motar Abuja ta tashi, tukunyar ta kusa cika, tururi na fita ta gefen murfi.

Na tare Maman Bulus da ta fito. Na rasa ta inda zan fara, na ce, "Malama, wannan fa?"

"Ba don ke ba ne, Mama," in ji ta. "Jiya kowa ya ji ki. Kin san ƙarfe nawa famfon nan ke kawo ruwa? Da rana tsaka, lokacin duk muna Abuja ko makaranta. Waye ke tara mana? Hadiza. Mu jera bokiti da safe, mu dawo mu tarar a cike. In hadari ya taso ita ke kwashe shanya. Bulus in ya dawo makaranta wurinta yake cin abinci. Da cikinta har wata tara tana yi, ba wanda ya sa ta. Ki tafi da ita kwana arba'in, mu mu sha me? Mu ma a garinmu ana gasa mai jego, ba ku kaɗai ba ne kuka san haihuwa." Ta gyara zani ta ƙara da cewa, "Ki rufe tukunyar da buhu kar ruwan ya huce. Kananzir na tsada."

Ni dai na fi son a ce tausayi ne ya sa su, amma da na yi tunani sai na ga wannan ya fi tausayi ƙarko.

Na zuba ganye na rufe da buhuna. Da gidan ya watse, banɗaki ya zama namu mu kaɗai, na kai Hadiza na fyaɗa mata ruwan nan yadda ya kamata, tana ihu tana "Gwaggo za ki kashe ni", kamar yadda kowace mai jego ke yi. Ta fito jikinta na tururi, ta sha kunun kanwa, ta yi barcin da ba ta yi ba tun da ta haihu. Da magariba da suka dawo, kowa ya gama girki sai ya ɗora buta a kan sauran wutar, aka sake tarawa na wankan yamma.

Aka yi suna, yaro ya ci sunan ƙanena. Sunan ma abin dariya, maza a kan benci a bakin kwata, mata a tsaitsaye a lungu, ragon kuwa a filin baya aka yanka shi kusa da masai, Allah na tuba. Sani ya zo ya durƙusa ya tambaye ni ranar tafiya don ya nemi mota. Na ce masa waye ya ce masa ina sauri?

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba, kar ku ɗauka waliyyai ne. Akwai ranar da kananzir ya ɓace a garin, butoci uku kawai aka samu, na haɗa da na rishonmu muka yi maneji. Mai gyaran rediyon nan sau da yawa ruwansa ɗumi kawai ya yi, sai ya zuba da sauri yana kallon gefe, har sai da na fara sa yatsa a butarsa kafin ya juye. Ni kuma da shekaruna da zuwa Makkata na gaji aikin Hadiza, na zama mai tarar ruwa. Famfo na fara tari da rana zan fito in bi bokitai ɗaya bayan ɗaya, har na san na kowa: mai ɗaurin waya a hannu na masinja ne, ja mai faci na Maman Bulus. Ruwan da na tara musu da sanyi da rana, shi suke dawo mini da shi da zafi da asuba. Muna haɗuwa da Maman Bulus a lungu mu goga kafaɗa, ta ce, "Mama mai hayaƙi, ina kwana," in ce, "Lafiya lau, sarkin tsiwa." Wata rana ta miƙo mini sakwara da miyar agushi daga ƙofarta zuwa tamu, ko tashi ba ta yi ba, hannu kawai ta miƙa. Sakwarar ba laifi.

Har aka yi arba'in Hadiza ba ta rasa wanka ko sau ɗaya ba. Ta yi fes, ta murje, kumatu sun fito, yaron ma kamar tulu. Na ce to alhamdu lillahi, a fito mini da tukunyata in kama hanya.

A nan ne aka yi ta. Ashe wani gini da Malam Audu ke ta yi a filin baya duk kwanakin nan, wanda nake wucewa ina tsaki, sabon ɗaki ne, kuma a daidai guntun bangon da aka tsallako da Giwa ya dasa shi, har ya buga kwano ya sa shuɗiyar ƙofa, har wani ya tare. Ba gaba ba baya, an gine mini tukunya a cikin gida. Na kira shi na sauke masa kwandon masifa, na ce mutanen da in suka ga tafin hannu a buɗe sai su gina ɗaki a kai su sa ɗan haya. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce zai kira magini a cire ƙyauren gaba a fasa bulo ɗaya ko biyu.

Mutanen gidan sun fito suna kallo, kowa daga bakin ƙofarsa. Maman Bulus na jingine da tata, hannu a ƙugu, cikin nan ya yi gaba sosai. Uwarta ta rasu, ta taɓa gaya mini, kuma garinsu da nisa. Na kalli cikin, na kalli Giwa.

Na ce, "Malam Audu, bar bulonka. Ke kuma Hadiza, kin ga yadda ake yi, ganye ya rage a buhu. In ta haihu ki fyaɗa mata da kyau, kar ki ji tausayinta, bakinta ya yi yawa."

To kun ji inda Giwa take, kun ji abin da ya sa na dawo hannu rabbana. Masu cewa an sace ta su kwantar da hankalinsu, tana can tana aiki. Wadda surukarta ta kusa kuma ta nemi aro wani wuri.

Kar wadda ta ce na dawo ina yabon ginin Suleja. Mummuna ne, har gobe mummuna ne, zafi da rana, ƙarar kwano in ana ruwa, layin banɗaki da safe, ba sirri ba sutura. Wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa zama a inuwar tsakar gida ba. Amma ni da na rantse zan fitar da yarinyata daga cikinsa, da hannuna na bar ta, kuma hankalina a kwance yake, don na san ko tari ta yi akwai mai ce mata sannu. Nan kuwa gidana da zaurensa biyu da katangarsa, shekaranjiya zazzaɓi ya kwantar da ni yini guda, ba wanda ya sani sai da na rarrafa na buɗe ƙofa da kaina.

Ranar da zan taho na shiga ɗaki na turo ƙyaure don in yi kukana a ɓoye, kar a ga babba na hawaye. Na toshe baki da gyale, a hankali nake yi. Sai na ji muryar Maman Bulus ta saman bango.

"Mama mai hayaƙi, ya isa haka. Fito, mota na jira."